Ruwan Talata

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata saƙon Muhyiddeen ya shigo wayata, ina kan sallaya ko addu'a ban shafa ba. Kalma huɗu ce kacal: an cire na'urar kwata. Na karanta sau uku, sannan na zari mayafi.

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Sunana Sauda, ina aiki a ƙaramin asibitin Rafin Marke, ƙauyen da ke bayan kamfanonin Challawa, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyar unguwa, aikin da kowa ya guda aka jibga mini don na iya latsa waya. Ruwan da kamfanonin fata ke zubarwa ta bayan garinmu yake bi, cikin wata doguwar kwata, kafin ya faɗa kogi. Da shi masu lambu suke ban ruwa da rani, don babu wani. Bara wasu malaman jami'a suka kafa mana na'ura a cikin kwatar, da 'yar solarta a kan turke, tana auna dafin da ke cikin ruwan da zurfinsa tana turowa wayata. Ni kuma da iyayina na zana taswira, na rubuta sunan kowane mai lambu a kan gonarsa, inda dafi ya yi yawa na shafa ja, ina turawa guruf ɗin unguwa na WhatsApp duk safiya. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai ne a cikinsa. A lokacin gani nake na yi abin kirki.

Shi kuwa Muhyiddeen ma'aikacin kamfanin fata ne, mutumin Ringim, ɗakin haya gare shi a garinmu, mace da 'ya'ya uku suna can gida suna jiran abin da zai aika. Wata takwas ke nan yana sanar da ni a ɓoye ranar da za a buɗe babban bututu, har da hotuna. Daga ni sai shi muka sani. Kamfanin sun daɗe suna neman mai fitar musu da magana, kuma duk wanda suka kama ya bar aiki ke nan. Daga Challawa har Sharaɗa da Bompai ba inda za a ƙara ɗaukarsa, don manajojin nan duk sun san juna.

Kafin ƙarfe takwas hotonsa ya karaɗe guruf. Kyamarar da muka yi karo-karo muka maƙala a shagon cajin waya na bakin gari ce ta ɗauke shi, da duhu-duhu, ya nufi wajen kwata da buhu a kafaɗa. Mubarak, shugaban matasa, mutum mai zuciya a kusa amma ba mugu ba, shi ya tura hoton, ya rubuta a ƙasa cewa ga ɗan aiken kamfani. Suka je suka tare shi a ƙofar kamfanin, suka kawo shi ofishin 'yan sintiri. Ya ce kayan aikinsa ne a buhun, hanyarsa ce ta kullum. Wa zai saurara? Baƙo ne, kuma albashin kamfani yake ci.

Mubarak ya ce a buɗe wayar Muhyiddeen, a nan za a ga wanda ya aiko shi. Muhyiddeen ya ƙi. Ƙin nan da ya yi shi ya gama ɓata lamarin. Mai unguwa ya yanke cewa bayan la'asar kowa ya hallara a ƙofar gidansa: ko dai a buɗe wayar a gaban jama'a, ko a miƙa shi ga 'yan sanda a matsayin ɓarawo. Abdulbaƙi, jami'in da kamfanin ya naɗa don hulɗa da unguwa, wanda shi ma yana cikin guruf ɗin, ya ce ai gaskiya ce, su ma suna so a buɗe don a wanke sunansu. Na dubi bakinsa mai zaƙin nan na ji kamar in mare shi. Na san abin da yake son gani a wayar.

In na yi magana na tona shi. In na yi shiru a tafi da shi. Sai na tare adaidaita na nufi Ɗorayi, gidan ƙanin mahaifiyata.

Kawu Gwadabe shekara ashirin ya yi yana bin sawun shanun sata tun daga dajin Falgore har iyakar Nijar, gwiwa ta gaza ya koma gadi a Bompai, yanzu kuma sai zaman ƙofar gida da rediyo. A garinmu ya tashi, ya san kowa. Waya yana da ita, irin mai madannai, ita ma kullum a kashe. Na zayyana masa komai, har sirrin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya tambaye ni ko mutane sun tattake wurin, na ce tun safe ake tururuwa. Ya yi tsaki ya nemi sandarsa.

Muna isa ya kori kowa baya. Turken ƙarfen na nan tsaye, babu sola, babu akwatin na'urar. Baƙin ruwan nan mai wari yana ta gudu abinsa, iya gwiwa. Kawu ya daɗe a tsugune. Ya nuna mini sawun dogon takalmin roba irin na ma'aikata, ya ce wannan ya zo, ya tsaya, ya juya, bai ko taka bakin ruwa ba. Na ce to ai shi ke nan, mu je mu faɗa musu. Ya ce in faɗa wa mutanen da suka ga hoto da idonsu cewa ƙasa ta ce ba haka ba, in ga ko za su ji.

Ya tura sandarsa cikin ruwan, ya lalubi gindin turken, ya tambaye ni yadda aka ɗaure bakin na'urar da ke shan ruwa. Na ce da noti huɗu, can ƙasa. Ya ce to ba a karya ba, kwancewa aka yi, kuma ba mahaluƙin da zai kwance noti huɗu a cikin ruwan da ba ka ganin hannunka, ga shi yana cin fata. A nan na tuna wani abu. Na buɗe wayata na nuna masa saƙonnin ƙarshe da na'urar ta turo: tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ruwan ya riƙa raguwa, har ya kusa ƙafewa, sannan ta yi shiru. Ni na ɗauka lalacewa ce. Kawu ya ƙura wa wayar ido kamar yau ya fara ganin irinta, ya ce ashe dai tana da ɗan amfani.

Ya bi gefen kwatar ya yi sama, ina biye ina duba agogo. Ga inda aka datse ruwan da buhunan ƙasa aka kuma janye su. To ruwan da aka datse ina ya tafi? Kowane lambu yana da 'yar kafarsa da ake buɗewa ruwa ya shiga. Muka wuce ta farko, a toshe, busasshiya. Ta biyu haka, ta uku haka. Sai a ta huɗu, taku sittin daga turken, muka ga laka ɗanya, an buɗe an mayar an lailaye da tafin hannu. Fangalin albasar da ke bayanta duk sun sha sun ƙoshi. A kan kunya akwai sawun ƙafa ba takalmi, babba, na namiji, kuma ko tsiro ɗaya bai taka ba.

Lambun Aina'u ne, matar da mijinta ya rasu ya bar mata shi.

Masu kallo daga nesa suka hango inda muka tsaya, kafin mu juyo har an fara cewa a guruf Aina'u ce ta haɗa baki da baƙon. Haka garinmu ya koma, magana ba ta jiran a gama ta. Wasu samari kuma tuni sun hau babura sun tafi Sharaɗa wajen 'yan gwangwan, wai an ga sola irin tamu a can. Suka dawo da rana tsaka ba su samo komai ba sai faɗan da suka yi da mutane.

Na ce wa Kawu mu fara biyawa ta ofishin 'yan sintiri. Muhyiddeen na zaune a ƙasa, an yaga masa wuyan riga, wayarsa na kan tebur a gaban Mubarak. Kawu bai tambaye shi komai ba, ya ce dai ya miƙo ƙafarsa. Ya duba tafin, ya sake ta. Da za mu fita Muhyiddeen ya ɗago ya dube ni. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Aina'u muka tarar tana tsinke zogale, labari ya riga mu isa, ta cika tana batsewa. Ta ce ita da hantsi ta je lambu ta tarar an ba ta ruwa, ta yi godiya ga Allah ta dawo, shi ne laifin? Kawu ya lallaɓa ta, ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, tun yana yaro ya san a rabon kwanakin ban ruwa, ruwan Talata na gidan su Yahaya ne, yaya aka yi ya shiga nata? Ta ce ai musanya suka yi. Jiya bayan magariba Yahaya ya zo a gurguje, matarsa na naƙuda, ya ce ta karɓi Talata ta bar masa Alhamis. Wannan kam na shaida, don a asibitinmu Yahaya ya kwana a kan benci, sai da gari ya waye aka haihu.

"Wa ya san kun yi musanyar?" in ji Kawu.

"Daga ni sai shi, sai Malam Lawan. Ai ba a musanya sai a gabansa."

Malam Lawan shi ne mai rabon ruwa, shekara talatin yana riƙe da kwanakin kowa a kansa, ba takarda ba waya, ba a taɓa jin ya ba wani ranar wani ba. Kuma abokin Kawu ne tun na ƙuruciya, tare aka yi musu kaciya.

Muka fito. Kawu ya samu gindin wata bishiya ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda. Azahar ta yi, ta wuce. Na ce Kawu ku tashi mu je wajen mai unguwa. Ya ce in bari ya ga Lawan tukuna, su biyu, ya ba shi dama ya kawo kansa da kansa. Na ce akwai wanda ke zaune a ƙasa da yagaggiyar riga tun safe. Ya ce ya sani. Muka je gidan Malam Lawan, aka ce yana lambu. Muka je lambu, bukkarsa a rufe, aka ce ya tafi masallacin bakin titi. Gwiwar Kawu ba ta sauri, ni kuwa kamar in ɗauke shi in ruga. Wayata sai ƙara take, guruf na ta tafasa, wani ya ce a kori duk baƙin da ke haya a garin, wani ya sa hoton ɗakin Muhyiddeen da lambar wayarsa. Ina ji ina gani aka kira la'asar muna tsakiyar gonaki. Ban taɓa jin haushin Kawu irin na ranar ba, kuma na faɗa masa.

Da muka iso ƙofar gidan mai unguwa an riga an cika. Muhyiddeen na tsakiya a kan tabarma, samari biyu a gefensa. Abdulbaƙi an ba shi kujera. Aina'u na can gefe cikin mata. Malam Lawan yana sahun dattawa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mubarak na tsaye da waya a hannu yana ta latsawa, ban kawo komai a raina ba, don kullum haka yake.

Kawu ya nemi izini, ya yi bayani a tsaye, a hankali, kamar mai ba da labarin wani gari. Ya ce wanda ya cire na'urar sai da ya janye ruwan kwatar. Baƙo ko ɓarawo da zai yi haka, bakin kwatar zai fasa a inda ya fi kusa, ruwa ya tafi duk inda ya ga dama, ina ruwansa. Wannan kuwa ya tsallake kafa uku, ya yi taku sittin a cikin duhu, ya kai ruwan lambun da ke da rabo a ranar. Kuma ba lambun da duk gari ya sani na Talata ba, wanda aka mayar wa Talata jiya bayan magariba. Ya ce mutum uku ne suka san da wannan. Ɗaya ya kwana a asibiti. Ɗaya mace ce, sawun kuma na namiji ne.

Bai faɗi na ukun ba. Ya juya ya dubi abokinsa, muryarsa ta sauka.

"Lawan, sata ka fita yi, amma ka kasa ba wani ruwan wani."

Malam Lawan ya ajiye carbinsa a kan cinya. Ya ce na'urar na cikin bukkarsa, ya naɗe ta a buhu, ko ƙwarzane ba ta yi ba, notinta huɗu na cikin aljihunsa. Ya ciro su ya ajiye a kan tabarma. Ya ce shi bai yi niyyar a kama kowa ba, tun safe yake son ya yi magana bakinsa ya ƙi buɗuwa. Sannan ya juyo wajena.

"'Yar nan, lambuna ne na farko a bakin kwata, kullum shi ne ja a hotonki, da sunana a kai. Hoton ya kai wajen 'yan gwari, masu sayen kayan lambunmu. Sati uku ke nan ina kai latas suna cewa na Lawan ne, mai dafi, in mayar. Jikata an ce da ita a makaranta kakanta na kashe mutane. Ni na zuba dafin? Kwana goma kawai nake so hoton ya daina fita, in sayar da abin da ya rage, in mayar muku da abarku."

Ruwan da dafi, latas ɗin ma da dafi, wannan gaskiya ne, kuma mutane ne za su ci. Amma kamfanin da ya zuba ban taɓa rubuta sunansa a taswirar ba, don an ce mana za su iya kai mu kotu. Sunan tsohon da ba shi da lauya na rubuta. Na ji kunya, na kuma ji tausayinsa, amma a ƙasan zuciyata wani sanyi nake ji, don na ɗauka Muhyiddeen ya tsira, ba sauran dalilin taɓa wayarsa.

Sai Mubarak ya ɗaga hannu, idonsa ya kawo ruwa. A lokacin na lura wayar da ke hannunsa ba tasa ba ce. Ashe da aka idar da la'asar ba mu iso ba, suka danne hannun Muhyiddeen suka ɗora babban yatsansa a kai ta buɗe. Duk bayanin da Kawu ke yi, shi karatu yake.

Mubarak ya ce jama'a mun zalunci bawan Allah. Ya ce wannan da muka yaga wa riga shi ne ya yi wata takwas yana faɗa mana ranar da za a buɗe bututu, shi ya sa muke hana yara zuwa bakin kwata, ga hotuna, ga komai. Na miƙe na ce Mubarak ka yi shiru, don Allah ka yi shiru. Ya ce a'a Anti Sauda, yadda aka ɓata shi a gaban kowa haka za a wanke shi a gaban kowa, ai har ya tura guruf. Wayoyi suka fara ƙara a aljihun mutane, ɗaya bayan ɗaya.

Aka yi ta kabbara. Dattawa na miƙa wa Muhyiddeen hannu, wani ya cire hularsa ya sa masa. Shi kuwa ba su yake kallo ba. Abdulbaƙi yake kallo, wanda ya gama karantawa, ya sa wayarsa a aljihu, ya yi wa mai unguwa sallama cikin ladabi, ya nufi motarsa.

Kawu ya zauna a inda yake tsaye, a ƙasa. Ya ce mini da ma ya ji maganata tun azahar. Na kawar da kai, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na faɗa wa kawu ba ne.

Washegari da hantsi Muhyiddeen ya zo asibiti da jakarsa. Ya ce ya je aiki, ya ɗora yatsa a na'urar ƙofa ta nuna ja, ya sake ta nuna ja, mai gadi ya ce an cire sunansa tun jiya da yamma. Ba wanda ya fito ya yi masa magana. Ya biya wasu kamfanoni biyu, a na biyun tun kafin ya faɗi sunansa aka nuna masa hotonsa. Na ce za mu rubuta takarda, za mu nemi malaman jami'a, za mu je rediyo. Ya bar ni na gama lissafa duk abin da ni kaina na san ba zai mayar da shi aiki ba.

Ya ce abu ɗaya yake so. In cire shi daga guruf ɗin, don tun jiya ake turo masa yabo da addu'a, wayar ba ta barinsa ya yi tunanin abin da zai faɗa wa matarsa in ya isa Ringim.

Na ciro wayata na cire shi, yana tsaye yana kallo. Iyakar abin da na iya yi masa ke nan.